Gidan Muze na Yamai: Abin da Kunne Ke Ji

Baƙon da ya sauka Yamai, in an tambaye shi abin da ya gani, da wuya bai ambaci Muze ba. Gidan yana kusa da kogin Isa, ba nisa da gadar Kennedy. An buɗe shi a shekarar 1959. Wani Bature mai suna Pablo Toucet ne ya tsara shi, da goyon bayan marigayi Bubu Hama, wanda gidan ke ɗauke da sunansa yanzu.

Fili ne babba, wajen hekta 24. Akwai zaki, da kura, da dorina, da kada. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka tono a hamada. Akwai iccen Tenere, wanda mota ta kayar a 1973. An kuma gina ɗakuna irin na ƙabilun ƙasa: na Hausawa, da Zabarmawa, da Fulani, da Buzaye.

Amma ɗaki kawai ba ya zama gida. Makiyayi ya sani. In ya iso ruga bai ji kukan saniya ba, bai ji sarewa ba, sai ya ce masu ita sun tashi. Manomi ma haka. Garin da ba a jin daka da safe kufai ne.

Mutanen Amurka sun gane wannan. A 1955 sun buɗe wani babban filin wasa, Disneyland. Sun raba shi unguwa-unguwa, kowace da kiɗanta. Suna ɓoye amsa-kuwwa cikin duwatsu da shuke-shuke. Kiɗan ba ya da ƙarfi, don kada ya hana hira. Mai yawo ba ya ganin makaɗi, ba ya ma lura da kiɗan, amma sai ya ji kamar ya bar wata ƙasa ya shiga wata. Dabara ce mai kyau. Sai dai na'ura ce ke yi.

A Muze, masu sana'a ne ke cika kunne. Maƙeran farfaru na bugun azurfa, ƙwal-ƙwal-ƙwal. Masaƙi na jefa ƙoshiya. Dukawa na aikin fata suna hira, ana ciniki. Can sai zaki ya yi ruri, yara su watse da ihu, su komo suna dariya. Ran salla kuwa wurin cika yake maƙil da yara. Wannan amo ba a saye shi ba. Mutane ne ke neman abincinsu.

Akwai ɓangaren kayan kiɗa. Nan ne abin tunani. Goge ko kalangu da aka rataye don kallo bebe ne. Ido ya ga ƙwarya da fata da tsirkiya, shi ke nan. Ba zai san yadda gangar noma ke sa matasa su manta da rana a gayya ba. Ba zai san yadda algaita ke sanar da fitowar sarki ba. Muze na iya adana goge shekara ɗari. Hannun mai goge fa, wa zai adana shi?

Abin ya kusa faruwa da biram. Wannan abin kiɗa ne na Buduma, masuntan tafkin Chadi. Siffarsa kamar kwalekwale, tsirkiyarsa biyar. An kai lokacin da gwaninsa ɗaya ya rage, wani tsoho mai suna Bukar Tar. A 2002 Malam Maman Barka, wanda ya yi suna da gurmi, ya samu taimakon UNESCO ya tafi wurinsa ya koya. Daga baya ya kai biram har Turai. Shi ma ya rasu a Yamai a 2018.

A Yamai akwai makarantar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda aka kafa a 1989. Can ma an tara kayan kiɗan gargajiya, kuma matasa na zuwa koyon kaɗa su.