Malam, Ƙaƙa Mutum Ka Zama Matuƙin Jirgi?

Wata ranar Talata da hantsi muna tsakiyar darasi, sai wani jirgin yaƙi ya ratsa ta saman Achida ya nufi gabas wajen Rabah, da irin ƙarar nan mai sa kwanon rufi rawa. Yara suka yi tsit. Da ƙarar ta lafa, sai wani yaro da ke zaune a bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ƙaƙa mutum ka zama matuƙin wanga jirgi?" Muka ce masa, "Yaro, sai an yi karatu." Ajin ya fashe da dariya, muka ci gaba da darasi. Amma gaskiyar magana, kunya ce ta sa muka ba shi wannan gajeriyar amsa, domin mu kanmu ba mu san hanyar ba.

Tambayar yaron ba ta wasa ba ce. Shi ɗan ƙasar nan ne da ɓarayin daji suka hana wa barci, yana kuma da wayo lokacin da aka kai harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, aka kashe mutane da dama. Saboda haka muka shiga bincike, ga kuwa abin da muka samo.

An kafa Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, a shekarar da aka buɗe Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta Kaduna, wato NDA. Ita ce babbar ƙofar da matuƙa ke bi. Mai neman shiga sai ya mallaki kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba, ya ci JAMB, ya ci jarrabawar makarantar, sannan ya gurfana gaban kwamitin tantancewa. A can za a auna tsawonsa, a duba zuciyarsa da jininsa da idanunsa. Wanda ba ya bambance ja da kore ba zai riƙe jirgi ba, kome ƙwazonsa. Wanda ya tsallake wannan duka, ya gama karatu, aka zaɓe shi, sai ya fara koyon tuƙi da ƙananan jirage a Kaduna, daga nan masu rabon jirgin yaƙi su wuce Kano. Blessing Liman kuwa, 'yar Jihar Kaduna, ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a ƙasar nan a 2012.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ana raba guraben shiga ne jiha-jiha. Ashe Sakkwato tana da kasonta, ba wanda ya hana mu. To, ina gizo ke saƙar? Yana saƙa ne a ajinmu. Yaronmu ya shiga firamare yana ɗan shekara goma, bayan ya yi nisa a allo. Ya koyi Fiziks, darasin da matuƙi ba ya yi sai da shi, a bakin allo kawai, bai taɓa riƙe ma'aunin lantarki da hannunsa ba. Shekarar da rashin tsaro ya kore su daga ƙauyensu, zango biyu bai leƙa makaranta ba. Ya zauna jarrabawa, Turanci ya kayar da shi, ya sake zama. Ranar da kiredit biyar suka cika, shekarunsa sun wuce, domin da zarar yaro ya ɗan haura ashirin ƙofar NDA ta rufe. Da mahaifinsa ya zo mana ya ce, "Malam, haka Allah ya so," ba mu musa ba, amma mun san da sakacinmu a ciki. Da mun san sharuɗɗan tun yana aji ɗaya, da mun lissafa masa shekarunsa.

A cikin binciken ne muka ci karo da wani irin jirgi da ba mu taɓa jin labarinsa ba, wato jirgin da ke shayar da 'yan'uwansa mai a sararin sama. Amurkawa suka fara gwada wannan dabara a 1923, kuma tun 1957 suke aiki da samfurin KC-135. Matuƙa biyu ne a gaba, mutum na uku yana can baya kwance, yana saita bututun mai har ya shiga jikin jirgin yaƙin da ke biye da su, alhali duka biyun suna tsala gudu. Da yawa daga cikin waɗannan jirage suna hannun rundunonin ko-ta-kwana ne, waɗanda mutanensu ke da wata sana'a daban, wasu ma matuƙan jiragen fasinja ne. Kowace runduna ita ke zaɓen nata matuƙa: sai mai digiri, mai cikakkiyar lafiya, wanda ya ci jarrabawar hafsoshi, sannan a zauna da shi ido da ido a ga ko mutum ne da za a iya dogara da shi. Ba a yi wa waɗannan matuƙa kirari, amma in ba su tashi ba, jirgin yaƙi ba ya nisa.

Mu malaman karkara irin wannan aiki Allah ya ɗora mana, sai dai sau da yawa yaro kan matso kusa da mu ya tarar tankinmu wayam. Shi ya sa yanzu kowace shekara mukan rubuta sharuɗɗan NDA a allon 'yan aji ɗaya, mu tambayi kowa shekarunsa, mu kuma roƙi iyaye su kai yara a duba musu ido tun da wuri. Da safe ake kama fara.

Yaronmu yanzu yana sayar da albasa, kuma duk inda muka haɗu sai ya durƙusa ya gaishe mu. Ƙanensa yana ajinmu, shekararsa goma sha uku. Ran nan shi ma ya yi mana tambayar wansa, wannan karon kuwa mun ba shi amsa dalla-dalla. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa mu sauke nauyin da ke kanmu, amin.