Injin wanke-wanke mai taya: yawon gwanjon gidaje a Dayton

Idan Allah Ya kawo ki birnin Dayton da ke jihar Ohayo a Amurka, 'yar'uwa, ki roƙi mai masaukinki ta ware miki safiyar Juma'a guda. Kada ta kai ki manyan kantuna, su kam duk inda kika je iri ɗaya ne. Ta bi da ke ta kudancin gari, wajen Kettering, inda ƙananan gidajen jan bulo suka yi sahu, kowanne da garejinsa da 'yar ciyawarsa a gaba. A bakin titi za ki riƙa ganin ƙananan alluna masu kibiya. Ku bi kibiyar har ku iske gidan da motoci suka cika ƙofarsa, mutane sun yi layi da sassafe, kowa da kofin kofi a hannu. Ba biki ake yi ba, ba kuma zaman makoki ba ne. Kayan gidan ake sayarwa, tun daga gado har cokali.

Estet sel suke ce masa, ni kuwa gwanjon gida nake kiransa. Idan mai gida ya rasu, ko tsufa ya sa ya bar gidan, 'ya'yansa kan ɗauki abin da suke so, sannan su kira kamfanin da sana'arsa ke nan. Ma'aikatan kamfanin su share kwanaki suna fito da komai daga lokoki, suna liƙa wa kowane abu 'yar takardar farashi. A buɗe ƙofa kwana biyu ko uku, galibi daga Alhamis ko Juma'a zuwa ƙarshen mako. Ranar farko farashi yana nan yadda aka rubuta, ranar ƙarshe akan zabge rabi. Kamfani ya cire kasonsa, ya miƙa wa magada saura. Da yake gidajen ƙanana ne, sai a raba lambobi a bakin ƙofa, a riƙa shigar da mutane kaɗan-kaɗan. Za ki shiga har uwar ɗakin matar da ba ki taɓa gani ba, ki ga takalmanta a jere, madubinta, maganin tarinta da bai ƙare ba.

Mutane kowa da abin da ya kawo shi. Masu neman gwal da agogo sukan ruga ɗakin kwana, masu kayan aiki su nufi gareji. Akwai wasu 'yan tsiraru, ni ma ina cikinsu, da ba mu tsayawa sai kicin, idan ba mu ga abin da muke nema a can ba mu gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Muna neman wani akwatin ƙarfe ne da tsayinsa ya kai ƙugu, mai ƙananan tayoyi huɗu, da tiyo a naɗe a bayansa. Tsohon injin wanke-wanke ke nan, irin wanda ake turawa.

Wanda kika saba gani a fina-finai a cikin kantar kicin yake, an haɗa shi da bututun ruwan gida, ba ya motsi. Wannan kuwa a gefe yake zaune. Idan an gama cin abinci uwargida ta jera kwanoni a ciki, ta turo shi gaban famfo. Tiyonsa biyu ne da suka haɗu a kai ɗaya: ta maƙala kan a bakin famfo, ta buɗe ruwan zafi, ta jona wuta. Tiyo ɗaya ya ja ruwa mai kyau, ɗayan ya amayar da na dauɗa cikin bahon kicin. Da ya gama ta cire, ta mayar da shi lungunsa. Na farko-farko, irin Mobile Maid na kamfanin General Electric da ya fito a shekarun 1950, ta sama ake buɗe su kamar akwatin lefe. Na baya ƙofarsu a gaba take, da yawansu kuma an ɗora musu katako mai kauri a kai don a yanka albasa ko a murza fulawa. Launinsu kaɗai ya isa ya gaya miki shekarunsu. Kore mai duhu irin na fiya, rawaya kamar hatsin da ya nuna, da ruwan tagulla, duk yayin shekarun 1960 zuwa 1970 ne.

Me ya sa Dayton? Saboda garin masana'antu ne, kuma irin garin ne ya sayi waɗannan injuna. Nan ne gidan Frigidaire, masu firij da kayan kicin, a ƙarƙashin General Motors har zuwa 1979 da aka sayar da shi. Nan ne asalin NCR, masu ƙera na'urar lissafin kuɗi ta kantuna, kafin su tattara su koma jihar Jojiya. Ma'aikacin masana'anta a wancan zamani albashinsa kan ishe shi ya sayi ɗan gida ya riƙe iyali, amma kicin ɗin gidan ƙarami ne, ba a yi shi da gurbin injin wanke-wanke ba. Saka na cikin kanta sai an kira kafinta da mai gyaran famfo an farfasa. Mai haya kuwa ba shi da ikon fasa komai. Mai taya ya raba wannan gardama. A ƙidayar 1960 mutanen cikin birnin Dayton sun haura 262,000, a ta 2020 ba su cika 138,000 ba. Wasu sun koma unguwannin bayan gari, wasu sun bi aiki zuwa wasu jihohi. Waɗanda suka yi aure a wancan lokacin su ne yanzu ake buɗe gidajensu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu kuwa suna can nesa, kowa gidansa cike da nasa kayan.

Injin ma kansa yana da dangantaka da wannan yanki. Josephine Cochrane, wadda aka haifa a Ohayo a 1839, ita ce ta fito da injin wanke-wanke na farko da ya karɓu a kasuwa. A Shelbyville ta jihar Illinois take zaune, mijinta ya rasu a 1883 ya bar ta da bashi, ta samu takardar mallakar fasaharta a watan Disamba na 1886, ta kai injin babban bajekolin duniya na Shikago a 1893. Otal-otal da gidajen abinci ne suka saya, domin gidajen mutane a lokacin ba su da wadataccen ruwan zafi. Ta rasu a 1913, kamfaninta ya koma hannun Hobart a 1926. Hobart ɗin nan a garin Troy yake, tafiyar kamar rabin awa a mota arewa da Dayton, kuma shi ya fito da injin wanke-wanke na gida mai suna KitchenAid a 1949. Whirlpool ya saye sunan a 1986. Shi ya sa za ki ga masu tarawa suna durƙusawa suna leƙa 'yar farantin da ke jikin inji. Idan suka ga Hobart, sai ki ga fuska ta washe. Waɗannan nauyi gare su kamar an cika su da duwatsu, cikinsu ƙarfe ne da aka shafe da irin shafen langa da fanteka, kuma idan ba a bar su sun yi tsatsa ba har yau suna aiki.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne irin da aka ƙera don ya yi zama biyu. Ana sayar da shi da taya, da sharaɗin cewa duk ranar da iyali suka sayi babban gida, ko suka sabunta kicin, sai a cire tayoyin da katakon saman a tura shi cikin kanta ya zauna dindindin. Wato matar da ta saye shi a 1972 ta saye shi ne da niyyar wucin gadi. To, ga ki yau kin shigo kicin ɗinta bayan shekara hamsin, kin same shi a kan tayoyinsa. Ledar ƙasa ta goge ta yi layi biyu daga lungunsa zuwa famfo. Ba a sabunta kicin ɗin ba, ba a kuma tashi daga gidan ba. Ko kuɗin ne ya tafi makarantar yara, ko masana'antar ce ta rufe, ko kuwa ta saba ne ta ga babu dalilin sauyi, ba mai gaya miki. Kin dai san irin wannan lissafi, domin mu ma muna da kwanukan da aka ajiye sai an tare a sabon gida.

Kada ki ɗauka duk gidan da aka buɗe mai shi ya rasu. A aikina na jinya na sha sallamar tsohuwar da ta faɗi ta karya ƙugu, likita ya ce zama ita kaɗai ya ƙare. Inshorar tsofaffi ta gwamnati, Medicare, ba ta biyan doguwar zama a gidan kula da tsofaffi. Medicaid tana biya, amma sai dukiyar mutum ta kusa ƙarewa. Saboda haka sau da yawa gidan da kayansa su ne kuɗin jinyar. Matar da kike juya tukunyarta kina duba farashi tana iya kasancewa da ranta, a wani ɗaki mai gado ɗaya, tafiyar minti goma daga nan. Na san wata za ta ce wannan rashin imani ne, a wurinmu ai malamai ake kira a raba gado, tufafi a yi sadaka, kwanukan jere su tafi ɗakin 'ya'ya mata. Haka ne, kuma na fi son namu. Sai dai ban ga rashin tausayi a fuskokin 'ya'yan da nake gani a asibiti ba. Gajiya nake gani, da takardun kuɗi, da tikitin jirgin komawa bakin aiki ranar Litinin.

Don haka ki bar halin kasuwa a mota. Mu mun saba kushe kaya kafin mu taya, a ce wannan ai ya mutu, wa zai saya. A nan kada ki yi, domin mai yiwuwa matar da ke tsaye a bakin taga 'yar gidan ce. Ranar farko ba a cika ragi ba. Idan farashin ya yi miki yawa ki tambaya ko suna karɓar tayi a rubuce, ko ki dawo ranar ƙarshe ki gwada sa'arki. Ni akwai abin da ba na taɓawa ko kyauta ne, wato hotunan iyali da wasiƙu, ko da yake su ma za ki gan su a kwali da farashinsu.

Idan kin samu inji kuma ranki ya biya, ki buɗe ki haska cikinsa da fitilar waya. Tsatsa a ragar jera kwanoni da sauƙi, tsatsa a gindin bahon ita ce mutuwarsa. Ki matsa robar bakin ƙofa ki ji ko ta bushe, ki lanƙwasa tiyo ki ga ko zai tsage. Wanda ya kwana a gareji ki yi hattara da shi, domin sanyin Ohayo kan daskarar da ragowar ruwan ciki ya fasa famfonsa. Wayar wutarsa idan ta tsufa a sauya ta kafin a jona, ruwa da lantarki ba abin wasa ba ne, balle a gidan da yara ke yawo ba takalmi. Sannan ga abin da sababbin shiga ke mantawa: akwai wani ɗan ƙarfe kamar zobe da ake ɗaurawa a bakin famfo, shi kan tiyon ke kamawa. Yana can a jikin famfon kicin, ba a jikin inji ba. Ki nemi izini ki kwance shi. Ki kuma duba aljihun kantar da ke kusa, sau da yawa littafin injin yana ciki, wani lokaci har da rasidin ranar da aka saya. Ki zo da a-kori-kura da mai taya ki ɗauka, masu gwanjo ba su cika ɗaukar wa mutum kaya ba.

Masu tarawa na gaske sun wuce inda nake. Ni biyu gare ni, kore da fari, koren ne ke aiki. Na taɓa tsayawa a layi da wani dattijo, tsohon mai gyaran kayan lantarki, da ya ce ɗakinsa na ƙasa ya cika har matarsa ta kafa doka, sai ɗaya ya fita wani zai shigo. Ya ce shi ƙarar yake so, yadda ruwa ke dukan ƙarfe har a ji daga falo, da ƙas-ƙas ɗin agogon ciki idan zai sauya zango. Na zamani shiru suke, kuma sun fi tattali nesa ba kusa ba. Tun 2013 ƙa'idar gwamnatin Amurka ba ta yarda sabon inji ya wuce galan 5 a wanki ɗaya ba, tsofaffin kuwa sukan sha galan 10 ko fiye, wajen lita 38, jarkar mai garuwa ɗaya da rabi ke nan. Wanda ya ce miki don tsimi yake tara su, wasa yake miki.

Kada kuma ki sa a ranki za ki loda ɗaya a kwantena ki aika wa Hajiya. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, bugunta ma ba ɗaya ba ne, ko da taransifoma injin ba zai ji daɗi ba. Yana son ruwan zafi mai ƙarfi daga famfo, ba na bokiti ba, yana kuma son sabulunsa na musamman, garin wanki na tufafi kumfa zai cika miki kicin da shi. An yi shi ne don farantan tangaran da kofunan gilashi. Tukunyar dalma baƙi take yi a ciki, muciya da ludayin katako tsagewa suke, ƙanzon tuwo kuwa na gwada shi da Hobart ɗin kansa, yadda ya shiga haka ya fito, sai dai ya yi wanka.

Idan zamanki ya kai Lahadi, ki koma gidan da yamma. Layi ya watse, ɗakuna sun yi fayau, muryarki har amsa-kuwwa take yi. Abin da ya saura akan kira ƙungiyoyin agaji irin su Goodwill su kwashe, tufafin da su ma suka kasa sayarwa wasunsu a ɗaure su dila-dila a tura ƙetare, har kasuwannin gwanjonmu. Inji mai shekara hamsin ba kowace ƙungiya ke karɓa ba, ga nauyi ga rashin tabbas. Idan ba a samu mai so ba sai a gangaro da shi bakin titi a kan tayoyinsa, 'yan jari-bolan garin su zo da motarsu kafin gari ya waye.