Igiyar da ta shigar da Baba cikin hoto

Yau labarin wata 'yar igiya nake tafe da shi, wadda na haɗa da hannuna, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Mahaifinmu mutumin Aliero ne ta jihar Kebbi, albasa ce ta kawo shi Anacha tun yana saurayi. Nan ya yi aure, nan aka haife mu, kusa da bakin gada. Duk wanda ya zauna Anacha ya san abin da ya faru a watan Fabrairun 2006, bayan rikicin da aka yi a Maiduguri kan zanen ɓatancin nan na ƙasar Denmak. Ina ɗan shekara biyar lokacin. Abin da nake iya tunawa shi ne Inna ta goya ni da zani duk girmana, muka bi ayarin mutane muka tsallaka gada zuwa Asaba. Da ƙura ta lafa muka dawo, ɗakinmu ya zama toka. Cikin abin da wuta ta ci har da wani akwatin ƙarfe da Baba ke ajiye hotuna: na aurensu, na sunan yayyena, da hoto ɗaya tilo na kakanmu.

Baba bai taɓa yin maganar akwatin nan ba. Amma a 2009, da kasuwa ta ɗan farfaɗo, sai ga shi da kyamara, Canon PowerShot A590 IS, irin ƙananan nan masu cin batir biyu na rediyo. Tun daga ranar babu suna, babu biki, babu Sallah da za ta wuce bai ɗauka ba. Kuma ba ya ba kowa ita. Ko yayanmu babba ya miƙa hannu, sai ya ce, "Bari, kai dai je ka tsaya can."

A farkon 2024 ya tara mu ya ce bayan Babbar Sallah zai koma gida. Gwiwa ta matsa masa, shekaru sun ja, shagon kuma ya bar mini. Wani dare na zauna ina kwashe hotunan zuwa kwamfutar abokina don kowa ya samu nasa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, shekara goma sha biyar cur. Ga Inna, ga Yaya da ke sayar da doya a Fatakwal, ga yayata da ke aure a Ama Hausa ta Inugu, ga jikoki tun suna cikin tsumma. Babu Baba ko a guda. Sau biyu na ga inuwarsa a ƙasa, shi ke nan. Jikina ya yi sanyi, domin na ga abin da ya same shi game da kakanmu yana shirin samunmu.

Mai karatu zai ce ai abu mai sauƙi ne, ga wayar salula a aljihun kowa. Na gwada. Da ya ga na ɗaga waya sai ya kau da kai ya ce, "Auta, ba na son wannan shirme." Na ce to ai kyamarar tana da agogon da ke ƙirga daƙiƙa goma kafin ta ɗauka. Ya ce, "Da wace gwiwar zan yi gudu? Kuma inji ne zai san lokacin da yaran nan suka nutsu?" A nan na gane matsalar. Baba yana so ya zama shi ke danna hoton gidansa, kuma mai dannawa ba ya fitowa.

Manyan kyamarori suna da ramin da ake soka rimot mai igiya, amma irin tamu ba ta da shi. Ramin USB gare ta, na kwashe hotuna. Cikin bincike a intanet na ci karo da wata manhaja ta kyauta mai suna CHDK, wadda wasu masu sha'awar kyamara daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta don ƙananan kyamarorin Canon. A katin SD ake zuba ta, ba ta taɓa asalin ƙwaƙwalwar kyamarar, in ka cire katin komai ya koma yadda yake. Cikin abin da take yi, tana sa kyamara ta lura da shigowar wuta ta ramin USB, ta ɗauke shi tamkar an danna maɓalli. Wato abin da ake bukata batir ne da makunni da waya (wayar wuta nake nufi, ba ta kira ba).

Ga abin da na tara: tsohuwar igiyar USB mai ƙaramin kai irin na da, wayar wuta mai jijiya biyu mita biyar, makunnin ƙararrawar ƙofa, gidan batir mai cin uku da na ciro daga mataccen rediyo, da baƙin salatif. Katin SD na gig 2 na samu, domin tsofaffin kyamarori irin wannan sun fi jituwa da ƙaramin kati. Sai ka sauke CHDK ɗin da ya dace da samfurin kyamararka daidai, kada ka ɗauki na wata. Wani abin mamaki, sai ka ja ɗan makullin gefen katin ka kulle shi sannan manhajar ke tashi da kanta, kuma duk da haka hoto yana shiga. Daga nan ka shiga jerin zaɓinta ka kunna wurin rimot.

In ka yanke igiyar USB za ka ga jijiyoyi huɗu: ja, baƙi, fari da kore. Fari da kore na bayanai ne, ka naɗe su ka rabu da su. Ja shi ne mai kawo wuta, baƙi na komawa. USB bolt 5 yake ɗauka, kada ka wuce haka. Batir uku na rediyo suna ba da huɗu da rabi, ya isa. Ka haɗa baƙi da ƙasan batir kai tsaye, ja kuma ya bi ta makunni zuwa kan batir.

A nan na so in tafka ɓarna. Igiyar da na fara yankewa ta bogi ce, launin jijiyoyinta ba ya bin ƙa'ida. Allah Ya taimake ni ban soka ba, na ce bari in kai a like mini da dalma. Na je Emeka Offor Plaza cikin babbar kasuwa, wajen wani ɗan Ibo mai gyaran waya da muka yi sakandare tare. Ya ɗora mita a kai, ya dube ni ya ce da na soka a haka da wutar ta shiga a juye, kuma mai yiwuwa da kyamarar ta tafi ke nan. Ya gyara, ya like, ya ƙi karɓar ko sisi da ya ji ta wane ne. Ya ce mahaifiyarsa ta daɗe tana sayen albasa wajen Baba. Don haka 'yan uwa, kada ku yarda da launi kawai, ku nemi mai mita ya auna muku.

Da daddare na saci kyamarar daga jakar Baba (Allah Ya yafe mini) na gwada a bayan shago. In ka danna ka riƙe, sai ta saita ido. In ka saki, sai ka ji ƙyas. Na yi ta ɗaukar kaina da buhunan albasa har batir ya mutu.

Sallah ta zo a watan Yuni, tsakiyar damina. Yaya ya iso daga Fatakwal da iyalinsa, yayata da mijinta suka taho daga Inugu, muka cika mu goma sha tara. Bayan an gama fiɗar rago, ruwa ya ɗan tsagaita, Baba ya fito da kyamara kamar kullum ya fara jera mu. Na ce, "Baba, don Allah ku ba ni minti biyu." Na ɗora teburi, na jingina kyamarar da rabin buhun wake, na soka igiya na jawo ta har tsakiyar tabarma, na ajiye kujera kusa da Inna. Na ce, "Ku leƙa ku saita da kanku, sannan ku zo ku zauna. Ku za ku danna."

Ya daɗe yana juya makunnin a hannu. Ya ce, "Ba za ta lalata mini ita ba?" Na ce in sha Allahu. Ya je ya leƙa, ya ce wa Yaya ya matsa hagu, ya gyara wa wani jika hula, ya dawo a hankali ya zauna, ya ɓoye hannunsa cikin babbar riga. Ya jira har mai kukan ta yi shiru. Sai muka ji ƙyas. Ya sake, ya sake, sau bakwai. A na ƙarshe dariya yake yi, ga baƙar igiya kwance a kan tabarma ta nufo shi. Shi na kai aka wanke, kowane gida ɗaya.

Baba yana Aliero yanzu. Kyamarar da igiyar duk ya tafi da su, kuma an ce yana jera 'yan uwansa a ƙofar gida yana dannawa daga tsakiyarsu.

Mu da muke zaune a kudu mun san akwati na iya ƙonewa dare ɗaya. Shawarata, ku duba hotunan gidanku yau, ku ga wane ne babu. Yawanci wanda ya fi kowa ɗawainiya ne. Ko da igiya, ko da waya, ko da roƙon maƙwabci, ku sa shi ciki, sannan ku raba hoton gida uku, kada ya zauna wuri ɗaya. Wanda ke Anacha kuma yana da irin wannan kyamara, ya tambayi shagon Auta a layin 'yan albasa, zan nuna masa yadda ake yi.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya zaunar da mu lafiya a inda muke. Wassalam.