Ranar da 20 Ta Kayar da Ni

A kasuwar Katako ta Jos na koyi Wot, kartar nan mai kati 54 da kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Yayana, ɗan gwanjo, shi ya nuna mini dabarar jeri: ka saki 1, 8 da 14 masu siffa ɗaya a jere, abokin wasa na kallo, sannan ka yi kira da 20.

Ranar gasarmu da yaran layin hatsi, na riƙe katunan ina jiran jerin ya cika. Katin ɗiba ya ƙare, aka ƙirga maki, 20 ɗin ta nutsar da ni. Na saya wa kowa shayi.

Yayana ya ce, "Ƙanena, kwaɗayi mabuɗin wahala."