Landan: rumfar sumunti da ba ta biyan haya

Duk baƙon da ya sauka tashar jirgin ƙasa ta Watalu, a birnin Landan, ya nufi bakin ruwa da ƙafa, ba zai yi minti goma ba sai ga shi a gaɓar kogin Tamiz. Unguwar ana ce mata Sawusbank, watau Gaɓar Kudu. In ya fuskanci kogi, hagu da shi akwai babban lilon nan mai kama da tayar keke, can ƙetare kuma ga majalisar dokokin Ingila da hasumiyar agogonta. Dama da shi ga gadar Watalu, wadda masu saida tsofaffin littattafai ke baza teburansu a ƙarƙashinta. Tsakanin nan duka gidajen abinci ne, da wuraren shan kafe, da kantuna, kowane taku na ƙasa da mai shi da kuɗin hayarsa.

To amma kafin baƙo ya kai gadar, kunnensa zai jiyo wata ƙara da ba ta jirgi ba ce, ba kuma ta mota ba. Da farko kamar ruwan sama bisa kwanon rufi, sa'an nan a ji ƙwas, kamar ana faskaren itace. In ya bi ƙarar sai ta kai shi wata rumfa mai duhu a ƙarƙashin wani bene, rufinta ƙasa-ƙasa, ginshiƙanta na sumunti masu faɗin kai, bangonta kuma babu inda fenti bai taɓa ba. Nan ne matattarar ƴan zamiya, masu hawan katako mai taya wanda Turawa ke kira siketbod. Babu ƙofa, babu mai gadi, babu tikiti. Shekara hamsin ke nan da ɗoriya suna wurin, kuma yadda suka riƙe shi labari ne da ya cancanci ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati su saurara.

Wurin da ba a gina don kowa ba

Benen da ke sama zauren kaɗe-kaɗe ne mai sunan Sarauniya Elizabet, wanda aka buɗe a shekara ta 1967. Masu zanen ginin sun ɗaga shi bisa ginshiƙai, suka yi ma jama'a hanyoyin ƙafa a sama, ƙasan kuma aka bar shi fili, da gangara, da matakala, ba tare da an ba shi wani aiki takamaimai ba. Mutanen gari ba su kula shi ba. Marasa gida ne suka riƙa fakewa ciki da dare.

A daidai wannan zamani wasan katako yana sake tashi a Kaliforniya, ƙasar Amurka. Asalinsa na masu hawan igiyar teku ne, waɗanda in ruwa ya kwanta sai su maƙala ma katako tayoyi su bi titi. Tayoyin farko na ƙarfe ne ko na wani haɗi mai tauri, tsakuwa ɗaya ta isa ta kada mutum. A farkon shekarun 1970 wani matashi, Frank Nasworthy, ya fito da tayoyin roba masu kama ƙasa, wasan ya canza gaba ɗaya, ya ƙetaro teku. Yaran Landan suka shiga neman wuri. Garinsu garin ruwan sama ne, katako kuwa ba ya shiri da laima. Ga rumfa mai rufi, ga daɓe mai santsi, ga gangara a shirye. Abin da hukuma ta ɗauka rarar gini, su suka gan shi filin wasa.

Wajen 1977 da 1978 wasan ya zama yayi a Ingila. Masu jari suka gina filayen zamiya na kuɗi, da tikiti da mai tsaron ƙofa. Da yayi ya wuce, kafin ƴan shekaru galibinsu sun rufe. Rumfar Gaɓar Kudu, da ba ta karɓar ko sisi, ita ta rage ma tsirarun da ba su daina ba. An sha ƙoƙarin gajiyar da su, yau a zuba tsakuwa bisa daɓe, gobe a kashe fitilu, jibi a gitta ƙarfe a gindin gangara. Sai su zo da tsintsiya su share, su ci gaba.

Abin hawan da yadda ake koyonsa

Katakon kansa ba shi da yawa. Tsawonsa wajen santimetir 80, faɗinsa wajen 20. Falle bakwai ne na itace mai ƙwari da aka manne aka matse, gaba da baya sun ɗan tanƙwaro sama. Bisa an liƙa masa takarda mai kaushi don takalmi ya kama, ƙasa kuma ƙarafa biyu ne masu riƙe da taya huɗu. Ba shi da birki, ba shi da kan tuƙi, babu abin da ya ɗaure shi da ƙafa. Mai hawa ya karkata dama, ya yi dama. Ya karkata hagu, ya yi hagu.

Uwar dukan dabarun ita ce tsallen da ake kira oli, laƙabin Alan Gelfand na jihar Fulorida, wanda ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1970 cikin filaye masu kama da ƙwarya. A farkon shekarun 1980 Rodney Mullen ya sauko da shi ƙasa shimfiɗaɗɗiya. Mai wasa yana dukan wutsiyar katako da ƙafar baya har ta bugi ƙasa, goshin ya tashi, sai ya ja ƙafar gaba bisa takarda mai kaushi ya daidaita shi cikin iska, ya dira gwiwa a lanƙwashe. Duka wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Mai kallo sai ya rantse an ɗinke takalmi da katako. Daga nan ne sauran suka tsiro: a shuri gefen katako da yatsun ƙafa ya juya sau ɗaya kafin a dira, ko a hau bakin dakali a zame bisa ƙarfen ƙasa, ko a tsallake matakala bakwai a tashi guda.

Tunda abin ya fi ƙiftawar ido sauri, sai aka nemi hanyar tsaida shi bisa takarda. Tun shekarun 1970 ake buga littattafan koyon zamiya, kuma tsarinsu kusan ɗaya ne. Su fara da sassan katako da yadda ake ɗaure su, da wace ƙafa ce za ta zauna gaba, da yadda ake tsayawa, da yadda ake faɗuwa ba a karya wuyan hannu ba. Sa'an nan kowace dabara a jera mata hotuna shida ko takwas, kowane hoto da ɗan bayani a ƙasansa. Mujallu irin su Thrasher, da aka kafa a San Faransisko a 1981, da R.A.D. ta Ingila, su ma haka suka riƙa yi, yara suna karɓa hannu zuwa hannu har shafi ya yage. Bayan su kaset ɗin bidiyo ya zo, yau kuma waya ce ke rage saurin hoto yadda ake so.

Sai dai littafi yana nuna inda ƙafa za ta zauna, ba ya cire tsoro daga zuciya. Wannan sai a fili. A rumfar Gaɓar Kudu sabon shiga yana farawa daga gefe, yana kallon manya, yana koyon dokokin da ba a rubuta ba: ba a ratsa hanyar wanda ya taso, ba a daɗewa bisa dakali wasu na jira, wanda ya faɗi kuma a tare masa katakonsa kada ya fita cikin masu wucewa. Mutum zai gwada abu ɗaya sau hamsin yana faɗuwa. Ranar da ya dira daidai, sai a ji sauran suna buga wutsiyar katako a ƙasa. Tafinsu ke nan.

Gasa iri biyu

Wasan ya daɗe da shiga fagen gasa da talabijin. A watan Yuni na 1999, a San Faransisko, Tony Hawk ya juya sau biyu da rabi cikin iska ya dira lafiya, duniya ta gani. Sa'an nan aka shigar da wasan cikin wasannin Olimpik na Tokiyo, waɗanda aka yi a 2021. Yuto Horigome na Japan ya ɗauki zinari a ɓangaren maza na salon titi. A ɓangaren mata, ta ɗaya da ta biyu, Momiji Nishiya ta Japan da Rayssa Leal ta Birazil, kowaccensu shekararta 13. A Paris a 2024, a dandalin Konkord, Horigome ya sake ci, Ingila kuma ta tura Sky Brown, wadda ta sake samun tagulla tana da shekara 16, tare da Andy Macdonald mai shekara 51. A can komai da awo yake. A salon titi a Paris an ba ɗan wasa zagaye biyu na daƙiƙa 45, da gwaji biyar na dabara ɗaya-ɗaya, alƙalai suka ɗauki zagaye mafi kyau da dabaru biyu mafiya kyau suka tara, iyakar maki 300.

Gasar rumfa daban take. Mutum biyu ko uku su tsaya, ɗaya ya yi dabara, sauran su maimaita. Wanda ya kasa a ɗora masa harafi ɗaya, in haruffa biyar suka cika ya fita. Babu alƙali, babu kofi, sai mutuncin da mutum ya samu a idon ƴan uwansa. Kuma kada ɗan kasuwa ya ɗauka wannan mutunci ba shi da daraja a kasuwa. Kamfanin tufafi na Palace, da Lev Tanju ya kafa a 2009, daga cikin ƴan zamiyar wannan rumfa ya fito, ya kai ga buɗe kantuna a Landan da Niyok da Tokiyo.

Rikicin 2013

Hukumar da ke kula da zaurukan Gaɓar Kudu ta riga ta katange babban kaso na rumfar da alluna tun wajen 2005. A 2013 ta bayyana shirin gyaran gine-ginenta na fam miliyon 120, sama da miliyar 90 na sefa a canjin lokacin. Cikin shirin, ragowar rumfar za ta koma kantuna da gidajen abinci, a gina ma ƴan zamiya sabon fili a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa da ke kusa. Hujjar hukuma ba ta banza ba ce. Gine-ginen sun tsufa, tallafin gwamnati ba ya isa, kuɗin haya ne zai taimaka a biya gyara har a samu ɗakunan koyar da yara. Duk wanda ya taɓa riƙe kasafin ma'aikata ya san wannan lissafi.

Ƴan zamiya suka ce ba fili suke nema ba, wannan wurin suke nufi, domin tarihi ba ya ƙaura. Suka kafa ƙungiya mai suna Long Live Southbank, ma'ana ran Gaɓar Kudu ya daɗe. Ba su ƙone taya ba, ba su fasa gilashi ba. Tebur suka kafa a bakin rumfa, rani da sanyi, suna yi ma masu wucewa bayani, har mutum 150,000 suka sa hannu. Suka ɗauki lauya, suka karanta dokokin filaye, suka sa ƙaramar hukumar Lambet ta rubuta wurin cikin jerin wurare masu amfani ga jama'a. Suka kai mata takardun ƙin amincewa fiye da 27,000. Yaran da ake yi ma kallon ƴan zaman banza sai ga su sun iya bin ofis-ofis kamar tsofaffin magatakarda.

A watan Janairu na 2014 magajin garin Landan na lokacin, Boris Johnson, ya ce yana bayan gyaran amma a bar ƴan zamiya inda suke. Shirin ya tsaya. A watan Satumba na wannan shekara aka sa hannu kan yarjejeniya mai ƙarfin doka, cewa rumfar za ta zauna a buɗe, kyauta. Abin da ya biyo baya ya fi ban mamaki. Abokan gabar jiya suka haɗa kai, aka tara wajen fam miliyon ɗaya da dubu ɗari, da gudummawar ma'aikatar magajin gari da ta kamfanoni da ta ɗaiɗaikun mutane, aka cire wani sashe na katangar, aka maido gangarar da daɓen kamar yadda suke a da. A watan Yuli na 2019 aka buɗe. Hukuma kuwa ta gyara zaurukanta da ƙaramin shiri, ba tare da kuɗin hayar da ta yi fata ba. Wannan asara ce ta gaske, kuma ita ta ɗauke ta.

Kowane birni yana da irin wannan rarar fili, inuwar da yara suka maida dandali ba da takarda ba, kuma ranar da ƙasa ta yi tsada ita ake fara dubawa. Mai lissafi yana iya faɗin abin da kanti zai kawo a wata. Abin da ya fi wuyar rubutawa cikin kasafi shi ne darajar wurin da ɗan mai kuɗi da ɗan talaka ke shiga ba a tambaye su komai ba. A Gaɓar Kudu shaidar tana bakin rumfa, inda ƴan yawon buɗe ido ke cincirindo jikin shingen ƙarfe suna kallo, kafin su wuce su kashe kuɗinsu a kantunan maƙwabta.

Baƙon da ya gama kallo, in ya hau gadar ƙafa da ke gefen ta jirgin ƙasa ya leƙa ƙasa, zai hango wani dandamalin sumunti a tsakiyar ruwa, inda aka saba jefa karyayyun katakai. Maƙabarta ake ce ma wurin. Wanda katakonsa ya karye a rumfa ya kan kawo shi nan ya yi masa sallama, washegari ya dawo da sabo.