Takardar Koken 'Yan Mazan Jiya

Ku yi min afuwa, makon nan ba ku ga ci gaban labarinmu ba. Wani rubutu ne ya tsare ni, wanda babu soyayya a cikinsa ko ta sisin kwabo.

Babanmu tsohon soja ne. Ya shiga aikin a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya fito da tabon harsashi a cinya wanda har yau in sanyi ya kama sai ya hana shi barci. Bara fanshonsa ya tsaya, muka yi ta bin ba'asi a nan Kano, daga ƙarshe aka ce sai an gan shi ido da ido a Abuja. Tafiyar fiye da kilomita 400, ga tsohon da ko masallacin unguwa sai da sanda. Ni na raka shi. Kwana biyu muka yi, ashe harafi ɗaya ne ya sha bamban a sunansa tsakanin takardar sallama da ta banki. Wallahi gyaran bai kai minti goma ba.

A layin ne na haɗu da wata baiwar Allah wadda mijinta ya je Laberiya da rundunar ECOMOG a 1990, yanzu ya rasu. Rancen kuɗin mota ta yi, kuma ba ta jin Turanci. Allah Sarki!

Da muka dawo, Baba ya tara abokansa a zaure, ya aika aka kira ni. "Ke da kike cika kasuwa da littattafai, rubuta mana namu." Buƙatarsu ba ta da yawa: a ajiye musu ma'aikaci a Kano mai ikon gyara takarda, a riƙa zagayawa ƙananan hukumomi saboda gwauraye da marasa lafiya, a kuma samar musu asibiti kusa da gida. Wani tsoho ya ce in ƙara da cewa duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni ana sakin tattabaru don tunawa da matattunsu, to masu ran fa? Na so in sassauta maganar, ya ce atafau. Na bar ta.

Shafi biyu suka cika da dangwale, don hannun da yawansu rawa yake yi. Mun kai wa ɗan majalisarmu, sakatarensa ya karɓa ya ce mai gida yana Abuja.

Kullum da safe in na shiga gaishe da Baba, kafin ya amsa sai ya ce, "An turo amsa?" Ranar Litinin za mu koma, ya riga ya ba da wankin hularsa.