Zanen da Ba Ya Faɗin Abin da Yake Nufi

Akwai wani zane da Uche Okeke ya yi a 1961 mai suna Ana Mmuo, wato Ƙasar Matattu da harshen Ibo. Ba ka ganin fuskar kowa a ciki, sai launin ja da rawaya da baƙaƙen layuka masu lanƙwasa. Ya samo salon ne daga uli, adon da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kamar ƙunshin matanmu.

Na nuna wa maƙwabcina a Ochanja hoton zanen. Ya ce shi wuta kawai yake gani, irin gobarar tankar man da ta cinye shaguna a kasuwar nan a Oktoban 2019. Ni kuwa kewar gida na gani. Okeke ɗan Nimo ne, amma a Kafanchan ya tashi, a Zariya ya yi karatu. Ya san zaman baƙunta a Arewa, kamar yadda muka san shi a Anacha.

Duk cikinmu babu wanda ya yi ƙarya, kowa abin da ke zuciyarsa ya gani. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a gobarar, ya mayar wa 'yan kasuwa da alheri, amin.